Shirun da Na Yi a Kan Shanun Unguwar Gai

Akwai wata Alhamis ta farkon damina da har gobe ba ta fita daga raina ba. Tun da kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aikin nan, to ita za ku ji. Ku da kuka gyara zama kuna jiran in ba ku yadda na kama ɗan damfara, ku yi haƙuri, wannan ba ta yabon kai ba ce. Kai mai danna waya a baya, ajiye ta, ba za ta gudu ba.

Ni dai dillalin shanu ne kafin komai. Sama da shekara ashirin na yi a kara ina shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, har Injiniya, mai kamfanin nan, ya dawo gida Rano da dabarar gwanjo ta waya ya ce in zo in taya shi. Saboda baƙin da ke cikinmu, ga yadda aikin yake. Mai kaya zai kawo maganar abinsa, sa ne ko rago ko buhunan masara, wakilinmu ya je ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto a ɗora a shafi. Kwana uku ana tayi, wanda ya fi kowa shi ya ci. Mai saye ba ya ba mai kaya ko sisi a hannu. Asusun kamfani yake turawa, wanda muke ce wa asusun amana. In kuɗi sun shigo sai jami'i ya danna an biya, a saki kaya, kamfani ya cire la'adarsa ya tura wa mai kaya sauran. A lokacin matakinmu uku ne: Injiniya a sama, ni jami'in sasanci da ake kira in rigima ta tashi, sai wakilan fili masu yawo ƙauyuka a babur.

A cikin wakilan nan akwai Nasiru, mutumin Kibiya, magidanci mai 'ya'ya biyu. Ranar da ya fara aiki, wallahi ko ta inda ake kama bakin sa a duba haƙori bai sani ba. Ni na koya masa. Ni na nuna masa yadda ake gane sa in an ɗura masa ruwa da gishiri don ya yi tumbi. Ni na koya masa cewa dattijo in ya ce maka ya biya, ba ka ce masa ina rasit kamar kana tuhumarsa. Baba Haladu yake kirana, ni kuma ina jin daɗi, ina yawo da shi ina cewa ɗan hannuna ne.

Sai yaro ya wuce ni. Ga shi da haƙuri, ga yatsu kamar an haife shi da waya, abin da zan yi rabin wuni ina lalube shi kafin ka shanye kofin shayi ya gama. Mutum zai shigo ofis, ya same ni zaune da rawanina, ya gaishe ni har da durƙuso, sannan ya leƙa bayana ya ce, "Malam, Nasiru bai shigo ba?" Har da mutanen da na yi wa dillanci tun suna bin iyayensu kasuwa! Injiniya ya ba shi ikon danna an biya na duk cinikin ɓangaren Kibiya. Bai tsaya nan ba, ya ce bayan babbar sallah zai kafa kujerar shugaban sasanci, mai kula da Rano da Kibiya gaba ɗaya. Bai faɗi suna ba, amma kowa Nasiru ya juya ya kalla. Na ce Allah ya sanya alheri da babbar murya, na koma gida aka ajiye min tuwo na kasa kai loma biyu. Maiɗakina ta ce ko zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne, ƙyashi ne, kuma gara in kira shi da sunansa.

Ana cikin haka wani Ɗanjuma na Unguwar Gai ya ɗora shanun huɗa guda biyu a shafi. Farare ne, ƙosassu, sun san garma. Ku lura da nan, don a nan maganar take. Mahaifin su Ɗanjuma ya rasu ba a raba gado ba, gida yana nan a gandu, kuma babban wansu Malam Bawa, da ke zaune a cikin garin Kibiya, shi ne a madadin uba. Ɗanjuma shi ya yi kiwon shanun, shi ya sha ranarsu, don haka gani yake nasa ne. Malam Bawa bai hana a sayar ba, amma ya ji zafin a ce sai a wayar maƙwabci ya ga hoton shanun gidan ubansa. Tun daga nan ba sa ga maciji da juna, ko gaisuwa ta tsaya. Da aka rufe tayi, Alhaji Sabo na Rurum ne ya ci, tsohon manomi, kuma tsohon abokin cinikina tun a kara.

Ranar Juma'a, an idar da salla ana neman takalma, sai na ji an riƙe min hannun riga. Alhaji Sabo ne.

"Haladu, gara da na gan ka. Ka san ni ban iya wannan ture-turen naku na waya ba. Kuma ko na iya, ba zan tsallake Bawa kuɗin shanun gidansu su faɗa hannun ƙanensa ba. Ubansu abokina ne. Gobe da sassafe zan kai wa Bawa a hannu, la'adarku tana ciki. Ka rubuta a wajenku. Lahadi jirginmu na aikin Hajji zai tashi, ina so yara su fara huɗa kafin in bar gari."

A ƙa'ida abin da ya kamata in ce shi ne a'a, Alhaji, asusun amana za ka tura. In ma na kasa faɗa masa haka, to in je in sanar da ofis a ranar. Amma ni ɗan kara ne, na san abin da ya yi shi ne daidai a wajen mutanenmu. Na ce, "To Alhaji, an gama. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, a sa mu a addu'a."

Allah shi ne shaida, da niyyar faɗa na tashi ranar Asabar. Na shigo ofis na tarar da Nasiru da waya a kunne, yana cewa, "To Baba Alhaji, to, Allah ya kai ku lafiya." Ya ajiye ya ce Alhaji Sabo ne, ya ce ya biya, yaransa suna hanyar Unguwar Gai da igiya. Ya duba asusu bai ga komai ba. Ya ce ƙarshen mako ne, banki kan yi jinkiri, kuma mutum kamar Alhaji Sabo mai shirin tafiya ɗakin Allah ba zai yi ƙarya a kan shanu ba. Ya danna an biya, ya buga wa Ɗanjuma ya ce ya saki.

Na buɗe baki ke nan sai Injiniya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya ya ce, "Ka gani, Malam Haladu? Yaron nan ko wata guda na yi ba na gari hankalina a kwance yake. Ya san mutane."

Ya san mutane! A gabana, ni da na koya masa sunayen mutanen. Na mayar da bakina na rufe, na ce a raina, to bari mu ga iyakar sanin.

Litinin da hantsi Ɗanjuma ya faɗo ofis ko sallama babu, ƙafarsa duk taɓo.

"Ina kuɗina? Kwana biyu ina kallon waya kamar mahaukaci! Shanu sun tafi, kuɗi ba su zo ba. Wa ya ce in sake su? Ba kai ba ne?"

Nasiru ya ce ya zauna ya sha ruwa, ya ce ba ruwa ya zo sha ba. Aka duba asusun amana, wayam. Aka buga wa banki, suka ce babu wani kuɗi a hanya. Wayar Alhaji Sabo a kashe, ya riga ya tashi. Aka samu babban ɗansa a Rurum, ya ce shi dai Baba ya ce ya biya, bai ce masa ga wanda ya ba ba, kuma shanu suna gona, ba mai taɓa su. Shi kuwa Ɗanjuma ko a mafarki bai kawo wansa a rai ba, mutumin da ba sa ko gaisawa. Sai magana ta dawo kan mutum ɗaya. Wa ya yi waya da Alhaji Sabo? Nasiru. Wa ya danna an biya babu kuɗi a asusu? Nasiru. Ɗanjuma ya nuna shi da yatsa ya ce shi ya karɓa ya danne, kuma in Juma'a ta yi bai ga kuɗinsa ba, gaban alƙali za su haɗu da kamfanin gaba ɗaya. Kun san tun da aka dawo da shari'a, kalmar cin amana ba abin da ake wasa da ita ba ce a ƙasar nan.

Injiniya mutumin kirki ne amma yana da saurin firgita in an taɓa sunan kamfani. Ya karɓe wayar ofis daga hannun Nasiru. Kafin azahar ya ɗora sanarwa a shafi, inda duk mai hulɗa da mu zai gani, cewa an dakatar da wakilinmu na Kibiya har sai an gama bincike a kan kuɗin wasu shanu, kada kowa ya yi ciniki da shi da sunan kamfani. Ina zaune ina kallonsa yana rubutawa. Kalma biyar ta ishe ni in tsayar da hannunsa, ban faɗe ta ba. Da ya gama ya juyo ya ce, "Malam Haladu, kai ne babba. Ka bincika min abin nan." Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Rabon da a ce min kai ne babba a ofishin nan har na manta.

Ga dabarar da na ƙulla. Ba so nake a ɗaure yaron ba, haka nake gaya wa kaina. So nake ya ɗan ji jiki, Injiniya kuma ya gane waya daban, sanin mutane daban. In Alhamis ta yi, ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, sai in fito da amsar kamar da tsohon tunanina na dillali na haƙo ta. Talata na hau babur na je Rurum na zaga, na sha fura, na dawo na ce ana kan bincike.

Laraba bayan la'asar ina ƙofar gida sai ga Nasiru yana turo babur ɗinsa, ya wanke shi fes. Kwana biyu kawai, amma ya zabge. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce matarsa ta fasa zuwa sunan ƙanwarta don ba za ta iya haɗa ido da mata ba, surukinsa kuma ya aiko yana son ganinsa.

"Baba Haladu, wallahi ko kwandala ban gani ba. Amma ni na danna, laifina ne. Na ce bari in sayar da wannan, in haɗa da awakin gida, in ba Ɗanjuma wani abu kafin Juma'a ko ya fasa zuwa kotu. Kai kaɗai na yarda ka sa masa kuɗi, kada a ga ina cikin matsi a yi min tayin wulaƙanci."

Kun san abin da na yi? Tashi na yi na zaga babur ɗin. Na danna taya, na tayar da shi na saurari injin, na sa masa kuɗi. Iyakar tausayin da na iya shi ne na ce kada ya yi gaggawa, ya jira gobe tukuna. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Da ba ka a ofishin nan, Baba, da ban san inda zan sa kaina ba." Na ce babu komai, ai ɗa na kowa ne. Ya tura abinsa ya tafi, ko hawa bai yi ba don kada ya ɓata wankin.

Alhamis da safe na sa babbar rigata na samu Injiniya. Na ce na kwana ina tunani, kuma akwai abin da 'yan zamani ba za su gano ba. Mutum irin Alhaji Sabo ba zai ba ƙane kuɗi wa yana raye ba, mu je Kibiya wajen Malam Bawa. Injiniya ya dafe kai ya ce, "Kai! Ka ji manya." Muka shiga motarsa, aka ɗauki Nasiru, aka biya aka ɗauko Ɗanjuma yana ta ƙunƙuni. Tun daga Rano har Kibiya bakina bai rufu ba. Na yi musu karatun gandu, na yi musu na ladabin ciniki, har da cewa aikin nan ba a koyonsa a shekara biyu. Nasiru yana baya yana cewa haka ne, Baba.

Malam Bawa ya shimfiɗa mana tabarma a zaure. Da Injiniya ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ya tashi ya shiga cikin gida ya fito da ƙunshi a cikin tsohon rawani ya ajiye a tsakiya. Kuɗin ne, ko zaren da Alhaji Sabo ya ɗaure su da shi ba a kwance ba. Nasiru ya ce Alhamdu lillahi ya kifa fuskarsa a tafin hannu.

Ɗanjuma ya ce, "Yaya, kana riƙe da su kwana biyar ina ta haukata a gari?"

"Kai da ka iya sayar da shanun gida ba ka tako nan ba, na ce in ka matsu ka san hanya. Jiranka nake."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ta gyara wuyan riga, ina jiran a fara yabo. Sai Injiniya ya ce, cikin ladabi, "Allah ya gafarta Malam, da ka aiko ofis ko da yaro ne. An dakatar da bawan Allah nan a kan kuɗin nan, sunansa ya ɓaci."

Malam Bawa ya ware ido. "Subhanallahi! Wane aike kuma? Ai ofis ya sani. Alhaji Sabo da bakinsa ya ce min tun ranar Juma'a ya gaya wa Haladu a ƙofar masallaci, Haladu ya ce an gama. Ko ba haka aka yi ba, Haladu?"

Tsakani da Allah ya yi tambayar, ba da nufin tona ni ba. Kowa ya juyo ya kalle ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, in ce na manta, tsufa ne. Amma mutumin da ya yi awa guda a mota yana baje kolin tunaninsa ba zai ce mantuwa ba. Na ce, "Haka aka yi."

Injiniya ya kalle ni ya kau da kai. Nasiru bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi.

"Baba, jiya da na kawo maka babur, ka sani?"

"Na sani."

Ya ce, "To." Ya yi wa Malam Bawa godiya, ya sa takalminsa. Injiniya ya ce ya shigo a kai shi gida, ya ce a bar shi, gidan iyayensa kusa ne, zai taka.

Rigimar kuɗi kam a zauren ta mutu. Aka cire la'ada, wa da ƙane suka shirya, har Malam Bawa ya riƙe Ɗanjuma cin abinci. Da yamma Injiniya ya ɗora sabuwar sanarwa cewa an gano kuɗi, wakilinmu ba shi da laifi, ya dawo bakin aiki. Ni kuma ya rufe ƙofa ya yi min faɗan da ban taɓa sha ba tun da na yi gemu. Bai kore ni ba, ya ce furfurata yake ji wa kunya. Nasiru ya dawo ya yi aikinsa har aka sha sallah, yana gaishe ni kullum kamar yadda ya saba, amma bai ƙara tambayata ko farashin akuya ba. Bayan sallah ya ajiye aiki, ya buɗe shagon taki da maganin feshi a Kibiya. Kujerar shugaban sasanci ta yi wata da watanni babu kowa, daga baya aka ba ni don babu wani. Na samu abin da nake so, ban taɓa jin daɗinsa ko na wuni ɗaya ba.

Na je har shagon na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi, kuma na yarda da gaske yake. Sai dai yafiyarsa ba ta goge abin da mutane suka karanta ba.

Daga nan ne aka kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta, cewa duk abin da mai saye ko mai kaya ya faɗa maka, a masallaci ne ko a wajen suna ko a kan hanya, a ranar za ka shigar da shi. Mutanenmu ba su san ofis a matsayin gini ba. In sun ga fuskarka sun faɗa maka, a wajensu kamfani ya ji. Aikin nan ya koya min cewa ba kuɗi kaɗai muke riƙe wa mutane amana ba, har da abin da muka sani, kuma wanda ya danne magana bai fi wanda ya danne kuɗi ba. Ya kuma koya min in riƙa tsoron kaina a ranar da aka yabi na ƙasa da ni a gabana. Ku ma za a yi muku, in ba a riga an yi ba, kuna ta murmushi kamar ba ku san zancen ba.

Watan jiya na je kasuwar Kibiya, ina tsaye wajen mai goro, wani mutum ya nuna shagon Nasiru da haɓa ya ce da abokinsa, "Ba wannan ne aka kora a kan kuɗin shanu ba?" Na kama hannunsa na ja shi gefe, na ba shi labarin nan kaf, har da nawa rabon, kamar yadda na ba ku. Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Oho, ni dai haka na gani a waya." Shekara da shekaru ke nan ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina gyara maganar nan, kuma har yau ban kai rabin waɗanda suka karanta sanarwar farko ba.